Tony Parker: Madugun Ƙwallon Kwandon da Ya Ci Duniya Amma Bai Bar Gida Ba

Gabatarwa

A wasan ƙwallon kwando, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 5 a fili, kuma a cikinsu akwai ɗaya wanda ragamar wasa take hannunsa. Shi ne yake ɗauko ƙwallo daga baya, ya duba yadda abokan karawa suka tsaya, ya yanke shawarar wanda zai miƙa wa, ko kuwa ya kutsa da kansa ya jefa a kwando, duk a cikin daƙiƙa 24 da doka ta ba su. Yawanci shi ne mafi gajarta a cikin ƙattin da suke kewaye da shi, amma umarninsa ake bi. Idan muka kira shi madugu uban tafiya ba mu yi kuskure ba.

Wannan maƙala za ta bi tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan madugai, wato Tony Parker na ƙasar Faransa. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, mutum ne da ya sami duk abin da ake zuwa nema a Amurka tun yana ɗan shekara 25, amma ya ci gaba da komawa gida kusan duk lokacin hutu, yana shan kaye, yana sake komawa, har sai da ya kawo wa ƙasarsa kofin da ba ta taɓa ɗauka ba.

Asali da Tasowa

An haifi Parker ranar 17 ga Mayu, 1982, a birnin Bruges na ƙasar Beljiyam. Mahaifinsa baƙar fata ne Ba'amurke wanda ya yi wasa a Jami'ar Loyola ta Chicago kafin neman abinci ya kai shi kulob-kulob na Turai, mahaifiyarsa kuwa 'yar ƙasar Holan ce. A yankin Normandy na arewacin Faransa ya tashi. Ashe ke nan ƙasashe huɗu ne suke da alaƙa da shi, amma tun yana matashi ya zaɓi Faransa, inda ya yi wayo.

Da farko ƙwallon ƙafa ya fi so, sai dai ganin Michael Jordan ya juya masa ra'ayi. Daga nan aka ɗauke shi a INSEP, cibiyar gwamnati da ke birnin Faris inda ake renon matasan 'yan wasa, kuma a can ya haɗu da Boris Diaw da Ronny Turiaf, waɗanda suka zama abokan gwagwarmayarsa. A 1999 ya fara wasa a kulob ɗin Paris Basket Racing. A shekarar 2000 wannan ayari na matasa ya ci kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 18 a birnin Zadar na Kuroshiya, aka kuma zaɓi Parker gwarzon gasar.

Ci-rani a Amurka

A wancan zamani masu kulob a gasar NBA ta Amurka sun yarda cewa Turai tana iya ba su dogaye masu iya jifa daga nesa, amma ba su cika yarda a damƙa ragamar wasa a hannun baƙo ba. Gwajin farko da ƙungiyar San Antonio Spurs ta yi wa Parker bai yi kyau ba, har kocinta Gregg Popovich ya so ya sallame shi, sai da mataimakansa suka roƙi a sake ba shi dama. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2001 shi ne na 28, wato na ƙarshe a zagayen farko. Yana da shekara 19, tsayinsa mita 1.88, kuma ba a yi makonni da fara kakar wasa ba aka sa shi cikin biyar ɗin da ake fara wasa da su.

Popovich tsohon soja ne mai tsanani, kuma bai sassauta wa yaron ba. Ko bayan da Spurs ta ci kofi a 2003, sai ta shiga zawarcin Jason Kidd domin ya karɓi matsayin Parker, amma cinikin bai faɗa ba. Maimakon ya yi fushi ya tafi, sai ya gyara wasansa. Makaminsa shi ne gudu, da wata irin jifa da yake sakin ƙwallo sama-sama tun kafin ya isa gindin kwando, ta wuce saman hannun dogayen masu tsaro ta faɗa ciki. Shi da Tim Duncan da Manu Ginobili na Ajantina suka zama murhu mai duwatsu uku da ƙungiyar ta ɗora tukunyarta a kai. Sun sake cin kofi a 2005, sannan a 2007 suka lallasa Cleveland Cavaliers ta LeBron James wasa 4 ba ko ɗaya, inda aka zaɓi Parker gwarzon wasannin ƙarshe. Shi ne ɗan Turai na farko da ya sami wannan matsayi.

Bashin Gida

A nan ne, ya mai karatu, tarihin yake da daɗi. Kakar NBA wasa 82 ce, ban da wasannin neman kofi da sukan kai watan Yuni. Ɗan wasan da ya gama wannan yana bukatar hutu, kuma masu kulob ba sa farin ciki su ga wanda suke biya miliyoyin daloli ya je yana kasada da gwiwarsa a wata gasa. Taurari da yawa sukan nemi uzuri. Parker kuwa tun 2000 ya fara amsa kiran Faransa, kuma abin da ya yi ta tararwa shi ne baƙin ciki.

A gasar Turai ta 2003 Faransa ta ƙare ta huɗu. A 2005, a birnin Belgrade, tana gaban Girka da maki 7 a wasan kusa da na ƙarshe, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, sai wasa ya juye aka doke ta 67 da 66. Da lambar tagulla ta koma. A 2006 karayar ɗan yatsa ta hana shi zuwa gasar duniya. Daga nan sai Sifaniya ta su Pau Gasol ta zame masa ƙarfen ƙafa: ta fitar da Faransa a 2009, ta kuma doke ta 98 da 85 a wasan ƙarshe na 2011 a Lituweniya, duk da cewa Parker ne ya fi kowa cin maki a gasar.

Ana saura makonni a fara wasannin Olamfik na Landan a 2012, gilashi ya shiga idonsa a wani rikici da ya ɓarke a wani gidan rawa a New York, wanda ba shi da hannu a ciki. Aka yi masa tiyata, ya sa tabarau na kariya ya je. A wannan gasa ce Faransa ta kara da Nijeriya, wadda 'yan wasanta maza suka je Olamfik a karon farko. Faransa ta sha da ƙyar 79 da 73, bayan da Chamberlain Oguchi ya ci wa Nijeriya maki 35. Bayan kwana biyu Sifaniya ta sake fitar da Faransa.

Shekarar 2013 ta zo masa da ɗaci kafin zaƙi. A watan Yuni Spurs tana gaban Miami Heat da maki 5 a wasa na shida, saura daƙiƙa 28 ta ɗaga kofi, amma nasarar ta suɓuce, ta kuma faɗi a wasa na bakwai. Da wani ne, da ya rufe ƙofa ya yi jinyar zuciya. Parker ya nufi Sulobeniya. A wasan kusa da na ƙarshe aka sake haɗa su da Sifaniya, aka tafi hutun rabin lokaci Faransa tana da 20, Sifaniya 34. Ya tara abokansa ya yi musu magana mai zafi, suka dawo suka farke, suka yi nasara 75 da 72 bayan ƙarin lokaci, shi kaɗai ya ci maki 32. Ranar 22 ga Satumba, a birnin Ljubljana, Faransa ta doke Lituweniya 80 da 66 ta ɗauki kofin Turai a karon farko a tarihinta, aka zaɓi Parker gwarzon gasar. Shekara 12 ya yi yana bin wannan kofi. Lalle mai haƙuri yakan dafa dutse. Bayan wata tara Spurs ta rama abin da Miami ta yi mata, ya ɗauki kofin NBA na huɗu, tare da abokinsa Diaw a ƙungiya ɗaya.

Sifaniya dai ba ta ƙyale shi ba. Ita ce ta fitar da Faransa a gaban jama'arta a 2015, kuma ita ce ta doke ta 92 da 67 a Olamfik na Rio a 2016, wasan da ya zama na ƙarshe da ya buga wa ƙasarsa, bayan wasa 181.

Jari a Gida

Ba da gumi kaɗai ya biya bashin gida ba. A 2009 ya sayi kashi 20 cikin ɗari na ASVEL, tsohon kulob na garin Villeurbanne da ke maƙwabtaka da Lyon. Da rikicin albashi ya tsayar da NBA a 2011, kulob-kulob masu kuɗi a shirye suke su ɗauke shi, amma ya zaɓi ASVEL a kan mafi ƙarancin albashi, kimanin Yuro 1,500 a wata, alhali albashinsa na Amurka ya haura dala miliyan 12 a shekara, ya kuma biya kuɗin inshorarsa daga aljihunsa. A 2014 ya zama mai kaso mafi girma kuma shugaban kulob ɗin, wanda ya ci kofin Faransa a 2016, 2019, 2021 da 2022. A 2019 ya buɗe makaranta a Lyon wadda ta haɗa karatu da horon wasa. Victor Wembanyama ma ya yi kakar 2021 zuwa 2022 a ASVEL kafin Spurs ta zaɓe shi na ɗaya a 2023.

Kammalawa

Tsinkewar jijiyar cinya a 2017 ta rage masa gudu. Ya bar Spurs a 2018 bayan shekara 17, ya yi kaka ɗaya a Charlotte Hornets, ya yi ritaya a watan Yunin 2019. A watan Nuwamban wannan shekara Spurs ta jingine riga mai lamba 9 domin girmama shi, kuma a 2023 aka shigar da shi zauren tunawa da gwarazan ƙwallon kwando, rana ɗaya da kocinsa Popovich da abokin hamayyarsa Pau Gasol.

Idan aka ƙirga, kofi huɗu ya ci a Amurka, ɗaya tak ya ci wa babbar ƙungiyar Faransa. Amma huɗun nan aikin da ake biyan sa ne, kuma a ƙungiyar da take da Duncan ya same su. Na ɗayan kuwa babu kwantiragin da ta tilasta masa nemansa, kuma sau da yawa yana da hujjar da za a karɓa idan ya ce ba zai zo ba. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Parker ya yi shekara 18 yana ci-rani, amma da ya ajiye ƙwallo ya tarar da kulob da makaranta da mutanensa suna jiran sa.