Ƙa'ida Ta Girmi Kwamfuta: Tarihin Zanen Gini Mai Bin Ma'auni



Ƴaƴanmu da ke karatun tsara gine-gine, a makarantar EAMAU ta Lome ko a wasu jami'o'in, suna yawan ambaton wani salon aiki da ake kira parametirik. Wasunsu sun ɗauka da kwamfuta aka haife shi, wasu iyaye kuma na ganin wasan yara ne da ake cinye musu kuɗi a kansa. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wanda ya yi karatun gado a zaure zai riga kowa fahimtar abin. Malami ba ya haddace rabon kowane gida, ƙa'ida yake riƙewa: miji yana da rabi idan babu ɗa, idan akwai ɗa ya koma rubu'i. Da zarar an canza magaji guda, sai lissafin duka ya motsa, ƙa'idar kuwa tana nan daram. Haka wannan zane yake. Mai tsara gini ba ya zana taga ɗari ɗaya bayan ɗaya. Yakan kafa sharaɗi, ya ce faɗin kowace taga ya ragu gwargwadon yadda take fuskantar ranar yamma, sa'an nan ya bar na'ura ta fitar da siffar. In ya juya fuskar ginin, tagogin duka su gyara kansu.

A ƙarni na 10 akwai wani masanin lissafi a Bagadaza, Abul Wafa'i al-Buzjani, wanda ya rasu a 998. Ya wallafa littafi kan abin da masu sana'a ke bukata na ilimin handasa, wato lissafin siffofi. A ciki ya ba da labarin zaman da ake yi tsakanin malaman handasa da masu aikin hannu. An kawo matsalar yadda za a yanka murabba'i uku a haɗa su su zama babban murabba'i guda. Masu sana'a suna da hanyarsu da ido ke karɓa amma lissafi bai amince da ita ba. Malamai kuma suna da hujja wadda ba ta yankuwa a kan katako ko dutse. Abul Wafa'i ya kawo hanyar da ta gamsar da ɓangarorin biyu. A ganina wannan saɓani na mai hannu da mai hujja shi ne dukan labarin, kuma har yau bai ƙare ba.

A fadar Topkapi ta Istanbul an adana wata doguwar takarda naɗaɗɗiya, mai kusan mita 30, ɗauke da zane 114, aikin maginan ƙasar Farisa na wajen ƙarshen ƙarni na 15. Zanen mukarnas da ke cikinta, wato adon nan mai kama da saƙar zuma da ake yi a ƙarƙashin ƙubba, a shimfiɗe aka yi shi. Magini ne zai karanta layukan ya tayar da su sama gwargwadon girman ɗakin da ke gabansa. Ke nan takardar ba hoton wani gini ba ce, umarni ne da zai iya haifar da gine-gine da dama.

A Turai, wanda ya fi burge ni shi ne Antoni Gaudi na Basalona a ƙasar Sifen. Tsakanin 1898 da 1908 ya yi ta aiki kan samfurin wata majami'a a Koloniya Guwel. Ya rataye igiyoyi daga rufi, ya ɗaura musu ƙananan jakunkuna cike da ƙwayoyin dalma, kowace jaka tana wakiltar nauyin da ginin zai ɗauka a wannan wuri. Dalilinsa tsohon sani ne da Robert Hooke na Ingila ya bayyana tun 1675: siffar da sarƙa ke yi idan ta rataya, in aka kifa ta, ita ce siffar bakan da zai tsaya da ƙafarsa. Gaudi yakan ɗauki hoton igiyoyin ya juya shi sama ta koma ƙasa, sai ga ginshiƙai da bakuna. Abin lura a nan, idan ya ƙara nauyi a jaka guda, dukan igiyoyin sukan gyara zamansu nan take. Shekara goma mutum yana lissafi da igiya da dalma, ba wutar lantarki a cikin aikin.

Sunan kansa wani ɗan Italiya ne, Luigi Moretti, ya yayata shi. A baje kolin Milan na 1960 ya nuna samfurin filin wasa da aka fitar da siffarsa daga ma'auni 19, ciki har da yadda kowane ɗan kallo zai hangi fili da kuma kuɗin kankare.

Daga nan na'ura ta shigo. A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a cibiyar MIT ta Amurka, ya ƙirƙiro Sketchpad, inda ake zane da alƙalamin haske a kan allon kwamfuta, a kuma umarci layi biyu su zauna daidai da juna ko da an ja ɗayansu. AutoCAD ta fito a 1982, amma galibi ta mayar da allon zane cikin kwamfuta ne kawai, hannu ya huta, tunani bai canza ba. Canjin ya zo daga masu ƙera jiragen sama. Kamfanin Dassault na Faransa yana da manhajar CATIA ta zana jikin jirgi, sai ofishin Frank Gehry ya are ta, ya yi babban kifin ƙarfe na Basalona a 1992, sa'an nan gidan tarihi na Guggenheim a Bilbawo da aka buɗe a 1997. A 2007 David Rutten ya fitar da abin da ya zama Grasshopper, wadda ke aiki cikin manhajar Rhino. Da ita ɗalibi ke jona akwatunan umarni da zare a kan allo, ba sai ya iya rubuta harshen kwamfuta ba. Ita ce ɗalibai da yawa ke kwana a kanta yanzu. Shekara guda bayan haka Patrik Schumacher, na ofishin Zaha Hadid, ya shelanta a Banis cewa wannan shi ne sabon salon zamani baki ɗaya.

A nan ne nake da ja. Da aka mayar da hanyar aiki ta zama salo, sai ɗalibai suka ɗauka parametirik na nufin bango mai lanƙwasa da gilashi mai walƙiya. Alhali tambayar farko ita ce: wane ma'auni ka sa a ciki? Tagwayen benayen Al Bahar na Abu Dabi, da aka kammala a 2012, sun sa rana. An lulluɓe su da rumfuna masu buɗewa da rufewa bisa tafiyarta, an ɗauko tunanin daga mashrabiyya, tagar katako mai huji ta Larabawa. Wannan ma'auni ne da mutumin Agadas ko Marwa zai gane ba tare da tafinta ba.

Maginanmu ma da ma'auni suke aiki, ko da ba su rubuta shi ba. Azara tana da iyakar tazarar da za ta ɗauki nauyin rufin ƙasa ba ta lotsa ba, abin bai kai mita biyu ba. Wannan iyaka ce ta haifi bakan gizo: ana jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana yaɓe, har ƙafafun su haɗu a sama. Faɗin soro shi ke faɗa wa magini yawan ƙafafun da zai tayar da yadda za su gitta juna. Da wannan sani Babban Gwani ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Da shi kuma Alhaji Falke Barmu ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

A Dandaji, a wannan jiha dai, akwai wani tsohon masallaci na Falke Barmu da ya fara lalacewa. Mariam Kamara, ƴar Nijar da ta fara karanta ilimin kwamfuta ta yi aiki da shi a Amurka kafin ta koma karatun tsara gini, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. An kammala a 2018. Wajen gyaran tsohon ginin, maginan da suka yi aikinsa tun farko aka kirawo.