Na'urar gano motsi ta fitilun gida

Na'urar gano motsi ta fitilun gida wata ƙaramar na'urar lantarki ce da ke kunna fitila da kanta idan mutum ya shigo wurin da take gadi, sannan ta kashe ta bayan wani ɗan lokaci idan motsi ya ɗauke. Masu sayar da kayan wuta a arewacin Najeriya sun fi kiranta da sensa. Ana amfani da ita don rage ɓarnar wuta, da tsawaita cajin batir a gidajen da ke amfani da sola ko inbata, da kuma haskaka ƙofar gida da dare saboda tsaro. Wata tana zuwa a haɗe da fitilar, wata kuma ana sayenta daban a haɗa ta da wayarin gida.

Tarihi

A shekarar 1800 masanin taurari William Herschel ya gano cewa akwai wani haske da ido ba ya gani amma yana ɗauke da zafi, wanda ake kira infirared. A shekarun 1820 Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙera wani gilashi mai zobba da ke tattara haske wuri ɗaya domin hasumiyoyin da ke yi wa jiragen ruwa jagora. A 1842 kuma Christian Doppler na ƙasar Ostiriya ya bayyana yadda igiyar sauti ko ta haske ke canza yawan bugunta idan abin da ta fito daga gare shi yana tafiya. A kan waɗannan bincike uku aka gina kusan duk na'urorin gano motsi na yau. An fara amfani da su ne a ƙararrawar kama ɓarayi a tsakiyar ƙarni na 20, kafin arahar kayan lantarki ta kawo su cikin fitilun gidaje.

Ire-irenta

Mai jin zafin jiki. Wannan ita ce aka fi sani, kuma akan rubuta PIR a jikin kwalinta. Ba ta fitar da komai, tana dai karɓar hasken infirared da jikin mutum ke fitarwa. Farin murfin robar da ke gabanta an yi shi ne bisa fasahar Fresnel, yana raba fili zuwa yankuna da yawa. Idan jiki mai ɗumi ya tsallaka daga wani yanki zuwa wani, sai ta kunna fitila. Saboda haka ta fi saurin gano wanda ya gitta ta gabanta fiye da wanda ya nufo ta kai tsaye. Yawancin na gida suna kaiwa mita 5 zuwa 12. Ba ta gani ta cikin bango ko gilashin taga, kuma wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, har ƙaramin batir kan riƙe ta fiye da shekara.

Mai igiyar rediyo. Ita wannan tana aika igiya mai gajeren zango, galibi a kan gigahaz 5.8, ta saurari yadda ta dawo. Idan wani abu yana motsi, bugun igiyar zai canza, kamar yadda Doppler ya bayyana. Zafin gari ba ya rage mata ƙarfi, amma igiyarta na ratsa ƙofar katako da gilashi da siririn bango, kuma ƙarfe na mayar da ita baya. Tana iya kunna fitila saboda fanka, ko labule, ko mai wucewa a bayan ɗaki.

Mai sauti. Tana fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, tsakanin kilohaz 25 zuwa 40. Ta dace da rufaffen wuri mai lunguna kamar banɗakin ofis, sai dai iska mai ƙarfi na ruɗa ta, shi ya sa ba a cika sa ta a waje ba.

Mai haɗa fasaha biyu. Akan haɗa mai jin zafi da mai igiyar rediyo a gida ɗaya, ta yadda fitila ba za ta kama ba sai dukansu sun ga motsi. Hakan na rage kunnawar banza, amma ta fi tsada.

Mai gano zaman mutum. Sabon nau'i ne na rada da ke aiki a kan gigahaz 24 ko 60. Yana jin ƙaramin motsi har na numfashi, don haka fitila ba ta mutuwa a kan wanda ke zaune yana karatu. Galibi yana buƙatar wuta a kai a kai, ƙaramin batir bai cika isar sa ba.

Abubuwan da ake dubawa kafin saye

Yawancin na'urorin suna da maɓallan saiti guda uku. Na farko na lokaci ne, daga daƙiƙa kusan 10 zuwa mintuna da dama. Na biyu na auna hasken gari ne da ma'aunin luks, domin kada fitila ta kama da rana. Idan aka sa shi a ƙasa, sai duhu ya yi sosai za ta yi aiki. Na uku na ƙarfin ji ne, wato nisan da za ta kai.

Faɗin gani ma ya bambanta: ta bango takan ga digiri 110 zuwa 180, ta silin kuma digiri 360. Ana kafa ta bango ne a tsayin mita 2 zuwa 2.5.

Lambar IP da ke jikin na'ura tana nuna yadda take jure ƙura da ruwa. IP20 ta cikin ɗaki ce kawai, IP44 na jure fantsamar ruwa, IP65 kuma ƙura ba ta shigarta kuma tana jure feshin ruwa.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a kan haz 50, amma akwai na'urori masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir. Yawancin masu bolt 230 suna buƙatar wayar nutural, alhali a gidaje da yawa wayar layif kaɗai ke zuwa akwatin makunni. Waɗanda ba sa buƙatar nutural sukan sa ƙwan LED mai ƙaramin wat ya riƙa ƙyaftawa ko ya yi ɗan haske bayan an kashe shi. Haka kuma nauyin da na'ura ke iya ɗauka na ƙwayayen LED ya yi ƙasa da wanda aka rubuta na tsofaffin ƙwayaye, saboda LED na fizgar wuta da ƙarfi a lokacin da ya kama.

Amfani da ita a birnin Sakkwato

Yanayin Sakkwato yana da tasiri babba a kan zaɓi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce digiri 40, kuma bangon siminti yana riƙe zafi har bayan magariba. Zafin fatar mutum kuwa kusan digiri 33 ne zuwa 34. Idan zafin bango ya yi kusa da na fata, mai jin zafin jiki ba ta bambance su da kyau, sai nisanta ya ragu. Saboda haka a lokacin bazara ta fi aminci a wurin da ke da inuwa, ko a zaɓi wadda aka rubuta cewa tana daidaita kanta da zafin gari, ko mai igiyar rediyo. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan lulluɓe murfinta da allon solar fitilun waje, don haka ana buƙatar goge su da tsumma mai laushi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa mai iska kan shiga na'urar da ba ta da kariya, abin da ya sa IP65 ta fi dacewa da waje.

Tsarin gida ma abin lura ne. A unguwannin cikin gari irin su Unguwar Rogo, inda gidaje ke haɗa katanga kuma ƙofofi ke buɗewa kan layi, fitilar ƙofar gida mai nisan gani za ta yi ta kamawa duk lokacin da babur ko mai tafiya ya wuce. Maganin hakan shi ne a sunkuyar da kanta ƙasa, a rage ƙarfin jinta, ko a rufe wani ɓangare na murfin da salatif. Mai igiyar rediyo a irin wannan wuri tana iya jin motsin da ke kan layi ta cikin ƙofa ko taga. Zaure da hanyar banɗaki da madafa da matakala su ne wuraren da ta fi amfani, domin wucewa ake yi a cikinsu. A tsakar gida kuwa, awaki da tumaki da kaji da kyanwa duk suna da ɗumin jiki, kuma iyalai da yawa a waje suke kwana lokacin zafi, don haka ana son a bar makunni na hannu da zai iya kashe ta gaba ɗaya. Rassan dogon yaro da iska ke kaɗawa da shanyar tufafi ma suna jawo kunnawar banza.

Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna. Ɗaukewar wuta da dawowarta na shafar na'urar ta hanyoyi biyu. Da yawa sukan kunna fitila na ɗan lokaci duk sanda wuta ta dawo, kafin su daidaita. Wasu kuma an yi su ne ta yadda kashewa da kunnawa da sauri ke nufin a bar fitila a kunne, don haka wuta mai ƙyaftawa ko sauyawa zuwa janareta na iya sa su kwana a kunne. Hauhawar wuta kuma na ƙona su. Wannan ne ya sa fitilun sola masu na'urar a jikinsu suke da sauƙin amfani a waje, ko da yake zafi yana rage wa batirinsu kwana idan rana na dukansa kai tsaye.

Lissafin tanadin wuta

Ƙwai mai wat 10 da ya kwana a kunne na awa 11 yana cin wat-awa 110. Guda shida suna cin 660. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa kusan 1,200, kuma idan na dalma ne ba a son a ci fiye da rabinsa, wato 600. Ke nan fitilun kaɗai sun cinye rabon dare. Idan na'ura ta sa kowane ƙwai ya yi awa ɗaya kacal, zai ci wat-awa 10, ita kuma idan tana cin rabin wat za ta ci 12 a yini da dare, jimilla 22. Amma idan ƙwan mai wat 2 ne ko 3, tanadin ba shi da yawa, kuma yana iya ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya mayar da kuɗin na'urar. Lissafin ya ƙara muhimmanci ga masu mita tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat-awa.

Haɗawa da tsarin gida na zamani

Wasu na'urorin ba sa kunna fitila da kansu, saƙo suke aikawa zuwa wata cibiya ta hanyar Wi-Fi ko Zigbee ko Z-Wave. A watan Oktoban 2022 aka fitar da tsarin Matter domin kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare. Waɗanda suka dogara da intanet suna tsayawa idan data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, amma waɗanda cibiyarsu ke aiki a cikin gida suna ci gaba muddin tana samun wuta.

Inganci da kariya

Hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan lantarki da ake shigowa da su Najeriya a ƙarƙashin shirin SONCAP, hukumar NEMSA kuma ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Haɗa na'ura mai bolt 230 aikin ƙwararre ne, kuma ana kashe wutar gida da inbata da janareta kafin a taɓa waya. Fitila mai gano motsi tana fallasa wanda ya kusanci gida, amma ba ta maye gurbin ƙofa mai ƙarfi da makulli, kuma a wurin da tsoho ko mara lafiya ke bi da dare ana sa lokacinta ya yi tsawo don kada ta mutu yana tsakiyar hanya.