Silima Vox ta Kasablanka: yadda aka gina ta da yadda aka rushe ta

Silima Vox gidan kallon fina-finai ne da aka kammala gininsa a 1935 a tsakiyar birnin Kasablanka na ƙasar Maroko, daf da dandalin da a lokacin ake kira Place de France, wanda a yau ya koma Place des Nations Unies. Tana ɗaukar mutum kusan 2,000, abin da ya sa ake lissafa ta cikin manyan gidajen silima na Afirka a zamaninta. An rushe ta a shekarun 1970. Sunan Vox daga Latin yake, ma'anarsa "murya", kuma an sa wa gidajen silima da dama shi, har a Dakar da Bamako, sai dai kowanne da nasa tarihin.

Wanda ya zana ginin shi ne Marius Boyer (1885 zuwa 1947), Bafaranshen da ya yi mafi yawan aikinsa a Kasablanka. Shi ne kuma ya zana ginin hukumar birnin mai dogon hasumiyar agogo, da benen Assayag, da otal ɗin Anfa. Ya yi aiki ne a lokacin da garin ke bunƙasa da gaggawa. Bayan Faransa ta kafa mulkinta a Maroko a 1912, Janar Lyautey ya ɗora wa Henri Prost tsara sabon gari a wajen tsohuwar ganuwa, kuma kafin 1936 mazauna birnin sun kai wajen dubu 250. Kuɗi sun shigo ta tashar jiragen ruwa, magina suka samu fili da damar gwada abin da dokokin gini ba za su bari su yi a Faris ba.

Salon da ya mamaye sabon garin shi ne art déco, wanda ya samo sunansa daga wani baje kolin fasahar ƙawa da aka yi a Faris a 1925: miƙaƙƙun layuka, kankare mai ƙarfe a ciki, ado kaɗan amma a tsare. Daga waje Vox ba ta da yawan kwalliya, wani dunƙulallen gini ce mai kusurwoyi. Abin mamakin yana ciki. Benaye uku na ƴan kallo ne aka ɗora wani kan wani, sannan rufin zauren ana iya zuge shi ya buɗe, ta yadda a daren zafi iskar teku za ta shigo, mutane su kalli fim sararin sama na bisa kansu. Duk wanda ya san silimar fili marar rufi zai gane hikimar, sai dai a nan an haɗa ta da zaure mai hawa uku.

Bayan samun ƴancin kai a 1956 ginin ya ci gaba da aiki wajen shekara ashirin. Abin da ya ci shi ba tsufa ba ne, domin ko shekara 45 bai cika ba. Filayen tsakiyar gari sun yi tsada, kuma a lokacin ba a ɗaukar gine-ginen zamanin Turawa a matsayin kayan tarihi. Tarihi a idon hukuma shi ne Fas da Marrakesh da tsofaffin ganuwoyi. Dokar kare kayan tarihi mai lamba 22-80 ba ta fito ba sai 1980, bayan an riga an share Vox.

Ba ita kaɗai ta tafi ba. Otal ɗin Anfa, inda Roosevelt da Churchill suka yi taronsu a Janairun 1943, shi ma an rushe shi a farkon shekarun 1970, gidan wasan kwaikwayo na birnin ya bi su a 1984. Sai da aka rushe gidan Mokri, wani aikin Boyer ɗin, sannan wasu mazauna garin da masu zanen gine-gine suka kafa ƙungiyar Casamémoire a 1995. Tun daga nan take fafutukar sa gine-ginen ƙarni na 20 cikin jerin waɗanda doka ta kare, tana kuma zagayawa da jama'a su gan su. Da wuya a ce ta zo a kan kari, amma ta tsirar da gine-gine da dama.

Su kansu gidajen silima a Maroko sun ragu ƙwarai: daga sama da 200 a shekarun 1980 zuwa ƴan gomomi, bayan shigowar kaset da tauraron ɗan Adam da faifan DVD na bayan fage. Mai son ganin irin zauren wancan zamani a Kasablanka sai ya nufi silima Rialto, wadda Pierre Jabin ya zana aka gina a 1930, inda Josephine Baker ta yi wa sojojin Amurka wasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ginin Rialto yana nan tsaye, tafiyar ƴan mintoci a ƙafa daga inda Vox ta taɓa kasancewa.