Mas'alar Ƙarfi da Saiti a Bugun Rami ga Mai Koyon Golf a Ƙasar Kafanchan

Tsakure: Maƙalar nan ta kafa hujja cewa mai koyo ya fi buƙatar sanin ƙarfin bugu bisa ga gyaran saiti, kuma yanayin ƙasarmu yana ƙarfafa wannan hukunci.

Tun da reshen dogo ya haɗa Kafanchan da Jos a 1927, samarin wannan yanki suke cuɗanya da biranen da golf ya fara kafuwa a Arewa, wato Jos, inda kulob ɗin Rayfield yake tun 1913, da Kaduna, wadda nata ya biyo baya a 1921. To amma duk wanda ya zauna da masu koyo zai tarar himmarsu ta tattara ga dogon bugu mai ƙayatarwa, alhali kuwa wajen kashi 40 cikin ɗari na bugun da ake ƙirgawa a zagaye guda ana yinsa ne a dandalin rami, inda ake mirgina ƙwallo a hankali.

Bari mu fara da hisabi. Faɗin rami milimita 108 ne, saboda haka idan ƙwallo tana nesa da shi mita 3, fuskar sanda kuwa ta karkace da digiri ɗaya tak, ƙwallon za ta kauce da wajen santimita 5, ta isa daidai leɓen ramin, inda shigarta da fitarta duk suna yiwuwa. Binciken Karlsen da abokansa na 2008 ya nuna cewa kusan kashi 80 na alƙiblar ƙwallo daga fuskar sanda yake fitowa, hanyar lilo kuwa rabonta kaɗan ne. Wannan babi na saiti mai sauƙi ne: a daidaita fuska, a tsayar da ido a bayan ƙwallo kafin bugu da bayansa, kamar yadda Joan Vickers ta jami'ar Calgary ta lura gwanaye suna yi.

Mas'alar ƙarfi ita ce mai zurfi, domin ko ƙwararrun Amurka rabin bugunsu ne ke shiga daga nisan mita 2.4, balle mai koyo, wanda asararsa ba daga kuskuren bugun fari take zuwa ba, sai daga barin ƙwallo nesa har ta ci masa bugu uku. Dave Pelz ya yi ƙiyasin cewa ƙarfin da ya dace shi ne wanda zai wuce da ƙwallo bayan rami da wajen santimita 43 in ta kuskure. A ganina amfanin ƙa'idar shi ne tana yaye wa mai koyo tsoron wuce rami.

A nan ne ƙasarmu take da nata hukunci. Dandalin yashi da aka cakuɗa da mai, wanda filayen Arewa suka daɗe suna amfani da shi, ana share shi da katako kafin bugu, ƙwallo ta bar sawunta a kai, mai koyo ya karanta kuskurensa da idonsa. Sai dai ba ya koyar da gangare. Ciyawa kuwa, wadda damina mai nauyi irin ta gindin duwatsun Kagoro ke sa ta riƙe ƙwallo, da hunturu ya busar da ita sai ta sake ta da gudu. Don haka wajibi ne mai koyo ya auna lilonsa da nisa uku mabambanta a farkon kowane zama, ba tare da rami a gabansa ba, har sai hannunsa ya san gudun ƙasar wannan rana, sa'an nan ya koma ga saiti daga mita ɗaya.