Gayyar Rubutu: Tarihin Wiki Da Labarin Ƙauyukanmu



Duk wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano, wajejen Minjibir da Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, ya san gayya. Mai gona ya sanar, samari su fito da garma da fartanya, a dama fura, kafin la'asar an gama noman da zai ci wa mutum ɗaya mako guda. Wanda ya tsallake ciyawa a kunyarsa, na bayansa ya cire. To, wiki gayya ce ta rubutu.

A shekarar 1995 wani masanin kwamfuta mai suna Ward Cunningham, a birnin Portland na ƙasar Amurka, ya buɗe shafin intanet da kowane mai karatu ke iya gyarawa. Ya aro sunan daga harshen mutanen tsibirin Hawayi, ma'anarsa "da sauri". A shekarar 2000 Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara wani kundin ilmi mai suna Nupedia, wanda sai masana sun tantance maƙala kafin a buga ta. Aikin ya yi tafiyar hawainiya, domin maƙalolin da aka kammala ba su kai 30 ba har aka rufe shi a 2003. Ganin wannan jinkiri ne ya sa suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, suka ce kowa ya kawo fartanyarsa. Yau akwai ta a harsuna fiye da 300, har da Hausa.

Sirrin abin shi ne ba a zubar da komai. Kowane shafi yana ajiye tarihin gyare-gyarensa, wato wa ya taɓa shi, yaushe, me ya canza. Idan wani ya yi ɓarna, sai a mayar da rubutun yadda yake. Akwai kuma zauren tattaunawa a bayan kowace maƙala, inda masu saɓani ke baje hujjojinsu. Ku tuna littafin labarin ƙasa da muka karanta a aji, wanda ya sa Kazaure da Gumel da Haɗeja cikin Jihar Kano. A 1991 aka yanke Jigawa, amma littafin yana nan yadda aka buga shi. A wiki gyaran minti biyu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tarihinmu na karkara. Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda, da yaƙe-yaƙensu. Ba za ka sami labarin manomin da ke ɗauko taki a mangala bisa jaki daga birni zuwa gonarsa ba, alhali da wannan takin ne ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Sai a shekarun 1960 Michael Mortimore ya zo ya yi nazarin irin wannan noma namu.

Na taɓa gwada rubuta yadda aka kafa ƙauyenmu da yadda aka haƙa tsohuwar rijiyarmu, kamar yadda kakana ya ba ni labari. Washegari wani edita ya cire, ya bar mini saƙo cikin ladabi cewa dokarsu sai da madogara bugaggiya. Raina ya sosu, amma da na natsu sai na ga in an yarda da "an ce", kowace zuriya za ta rubuta cewa ita ta sari gari. Sai dai wannan doka tana barin ƙauyen da ba a taɓa buga labarinsa ba a waje.

Saboda haka aikin ya dawo kanmu, musamman 'yan ajinmu da ke koyarwa a jami'o'i da masu rubutu a jaridu, domin abin da suka bincika suka buga shi ne zai zama madogarar. Ni dai na fara ɗaukar muryar dattawan garinmu da wayata. Uku suka rage cikin waɗanda suka ga zamanin dalar gyaɗa da ƙarfinsu, kuma da kaka, idan an shigar da gero rumbu, zan koma wurinsu in Allah ya yarda.