Mafarkin Dora: wani babi daga tarihin maganin damuwa ta hanyar fassarar mafarki

Kalmar "fassara", idan an gama ta da mafarki, tana ɗauke da ayyuka biyu waɗanda ba a cika rarrabe su ba a Hausa. Na farko shi ne wanda aka sani tun da daɗewa: mutum ya kai mafarkinsa gun malami, malami ya duba littafi, irin wanda ake jingina wa Ibn Sirin na Basra da ya rasu a shekarar 728, ya faɗa masa abin da maciji ko ruwa ko faɗuwar haƙori suke nufi, galibi game da abin da ke tafe. Na biyu ya taso ne a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, inda likita yake sauraron mafarkin mai fama da damuwa domin ya gano abin da ya riga ya wuce amma bai daina ci masa rai ba. Mutumin da ya kafa wannan hanya shi ne Sigmund Freud, likitan jijiya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya.

Littafin Freud a kan fassarar mafarki ya fito a watan Nuwamba na 1899, ko da yake shekarar 1900 aka buga a bangonsa. Kofi 600 aka buga, kuma sai da suka shekara takwas kafin su ƙare. A cikinsa Freud ya soki hanyar duba ma'ana a littafi, ya ce ma'anar mafarki tana wurin mai mafarkin: a bar shi ya faɗi duk abin da ya faɗo masa a rai game da kowane yanki na mafarkin, ba tare da tacewa ba, har a kai ga wani buri da ya danne. To, ƙa'ida ke nan a takarda. Yadda ta kasance a ɗakin likita kuwa, labarin wata yarinya da Freud ya saka wa suna Dora ya fi kowane bayani nuna shi.

Sunanta na gaskiya Ida Bauer, an haife ta a 1882. Ubanta Philipp Bauer mai masaƙu ne, mai wadata, amma mai yawan ciwo. Tarin fuka ya sa iyalin suka koma garin Meran cikin duwatsu a 1888, can suka ƙulla abota da wani mutum da matarsa, waɗanda Freud ya kira K. da matar K. Matar K. ta yi jinyar uban Dora, daga jinya abin ya zama soyayya ta ɓoye wadda kowa a gidajen biyu ya sani amma ba mai furtawa. Shi kuwa K. sai ya juyo kan yarinyar. Tana da shekara 13 ko 14 ya rungume ta da ƙarfi a kantinsa. A 1898, a bakin wani tabki, ya neme ta a fili, ta sharara masa mari. Da ta gaya wa iyayenta, K. ya musanta, ya ce karance-karancen banza ne suka ɓata mata hankali. Uban ya ɗauki maganar abokinsa, ya bar ta ƴarsa.

Daga nan jikin yarinyar ya ƙara lalacewa. Tari ya ƙi jin magani, murya takan ɗauke mata na makonni, ta daina shiga mutane, har iyayen suka tsinci wata takarda da ta rubuta tana ban kwana da duniya. A watan Oktoba na 1900 uban ya kai ta gun Freud, wanda ya taɓa yi masa maganin tunjere shekarun baya, da roƙon a dawo da ita hanya. Abin da yake nufi a fili yake: ta daina matsa masa ya rabu da matar K.

A nan ya kamata a ba Freud haƙƙinsa. Bai yi abin da uban ya so ba. Ya saurari yarinyar, ya gaskata labarinta, ya kuma yarda cewa akwai ƙamshin gaskiya a zargin da take yi, wato an miƙa ta ga K. ne a matsayin ladan shirun da yake yi game da matarsa. Shi ne babba na farko da bai ƙaryata ta ba. Amma da aka zo kan mafarki sai al'amari ya sake.

Dora ta kawo wani mafarki da ta sha yi. Gida ya kama wuta, ubanta yana tsaye bakin gadonta ya tashe ta, ta sa tufafi da gaggawa. Uwar tana so ta tsaya ɗauko akwatinta na kayan ado, uban ya ƙi, ya ce ba zai ƙone shi da ƴaƴansa biyu saboda akwati ba. Suka sauko da gudu, tana fita waje sai ta farka. Da aka bi diddigi, Dora ta tuna cewa ta fara yin mafarkin dare uku a jere a gidan bakin tabkin nan, bayan marin da ta yi wa K. A kwanakin ne ta farka daga barcin rana ta tarar da shi tsaye a kanta. Ta nemi makullin ɗakin, aka ba ta, daga baya makullin ya ɓace. Duk wanda ya ji wannan zai ga yarinya ce a tsorace, wadda take fatan ubanta ya tashi ya fitar da ita daga gidan da ke cin wuta, abin da bai yi ba a farke. Freud ya ga haka, ya ma rubuta shi. Sai dai bai tsaya nan ba. Ya ce akwatin kayan ado yana nufin al'aurar mace, kuma tun da K. ya taɓa ba ta kyautar akwati mai tsada, to a can ƙasan zuciyarta tana so ta saka masa ne da nata. Ya ce tsoron da take yi wa K. bai kai tsoron da take yi wa sha'awar kanta ba. Da ta ƙara da cewa takan ji warin hayaƙi in ta farka, sai ya lura cewa ubanta da K. da shi kansa duk mashaya taba ne, ya yanke cewa tana marmarin sumba daga gare shi.

Dora ta ce a'a. Freud ya ɗauki a'ar a matsayin shaidar cewa ya taɓo gaskiya. Nan ne hanyar ta ci amanar ƙa'idarta, domin idan i tabbaci ne, a'a ma tabbaci ne, ba sauran abin da mai mafarki zai faɗa wanda zai gyara likita. Mutumin da ya ƙi littafin ma'anoni ya wayi gari shi ne littafin.

Mafarki na biyu ya zo a ƙarshen Disamba. Tana yawo a wani baƙon gari, ta sami wasiƙar uwarta cewa uban ya mutu, ta yi ta tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa, da ta isa gida ta tarar kowa ya tafi maƙabarta. Freud ya shafe zama biyu a kansa. A zama na uku, ranar 31 ga Disamba 1900, ta sanar da shi cewa yau ne zuwanta na ƙarshe. Mako 11 ke nan da farawa. Freud ya rubuta labarin cikin Janairu na 1901 amma bai buga shi ba sai 1905, kuma a ƙarshensa ya amsa cewa bai lura da wuri ba yadda yarinyar ta ɗora masa fushin da take yi da K. da ubanta. Wannan lura, cewa majinyaci yakan juyo da abin da ke tsakaninsa da danginsa ya ɗora wa likita, ita ce babbar ribar da ilimin ya samu daga jinyar da ta faskara.

Abin da Dora take nema ta samo shi da kanta. A watan Afrilu na 1902 ta komo ta gaya wa Freud cewa ta je ta'aziyya gidan K. da ɗaya daga cikin ƴaƴansu ya rasu, ta faɗa wa matar a gaban idonta cewa ta san abin da ke tsakaninta da ubanta, ta kuma sa K. ya amsa abin da ya faru a bakin tabki. Ta kai wa ubanta wannan labari. Ta nemi Freud ya sake karɓarta, ya ƙi. Ta yi aure a 1903, ta tsere wa ƴan Nazi zuwa Amurka, ta rasu a New York a 1945. Wanta Otto Bauer ya zama ministan harkokin waje na Ostiriya a 1918.

Waɗanda suka biyo baya sun koyi darasi daga wannan labari ta fuska biyu. Tun daga shekarun 1950 aka sami likitoci a Amurka da suka ce wanda aka kawo gun likita sau da yawa shi ne kawai inda ciwon gida ya ɓullo, saboda haka suka riƙa kiran iyali gaba ɗaya. Game da mafarki kuma, Clara Hill ta jami'ar Maryland ta tsara wata hanya a littafinta na 1996, inda likita ba ya faɗin ma'ana: yakan taya mai mafarki bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, mai mafarkin ya fito da ma'anar, sa'an nan su duba abin da zai canza a zamansa da mutane.

A Afirka ta Yamma an gwada ra'ayin Freud a gidan likita na Fann da ke Dakar, ƙarƙashin Henri Collomb, wanda ya shugabanci sashen masu taɓin hankali daga 1959 zuwa 1978. Can ne Marie-Cécile Ortigues ta saurari yara da iyayensu na Wolof da Lebu da Serer, kuma ita da mijinta Edmond suka buga sakamakon a 1966. Sun tarar cewa gabar ɗa da uba, wadda Freud ya ɗauka ita ce ginshiƙi, ba ta fitowa da kamar da take da ita a Biyana, domin uba yana jingine da kakanni waɗanda ba a ja da su, kishi kuwa ya fi karkata ga ƴan'uwa da tsara. Bahaushe da ya san bambancin ɗan'uwa da ɗan'uba ba zai yi mamakin wannan ba. A Fann kuma an saba kwantar da majinyaci tare da wani daga danginsa.

Ga masu tsara kalmomi da masu shirya littattafan yaƙi da jahilci a fannin lafiya, akwai wata ƴar matsala a nan. Idan aka rubuta "fassarar mafarki" kurum, mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai ɗauka aikin malami ake nufi, ya zo yana jiran a faɗa masa. "Bin diddigin mafarki" ya fi kusa da aikin na biyu, tun da bin diddigi mutum biyu suna iya yin sa tare, kuma mai sawun shi ya fi sanin inda ya taka.