Daga Samaru Zuwa Kotun Katsina

A shekara ta 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, a kan halin da matan Nijeriya suke ciki. Galibin mahalarta malaman jami'a ne da ɗalibai, Kirista da Musulmi. Irin wannan taro yakan ƙare da takardu jibge a kabad, amma wannan ya haifi ƙungiyar WIN, wato Mata a Nijeriya, wadda ta karɓi har maza. Koyarwarta ita ce mace talaka tana ɗauke da kaya biyu, talauci da danniyar da ake yi mata don ita mace ce, kuma ba a sauke ɗaya a bar ɗaya.

Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Ayesha Imam, wadda ta yi nazari mai zurfi a kan auren kulle a ƙasar Kano. A 1996 ita da waɗansu mata suka kafa BAOBAB, suna binciken abin da dokokin addini da na al'ada suka faɗa a kan mace, suna koya wa mata. A lokacin, da yawa sun ɗauka aikin 'yan boko ne kawai.

Ranar amfaninsa ta zo a 2002, sa'ad da kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa domin ta haihu bayan mutuwar aurenta. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Wasiƙun nuna fushi suka yi ta kwararowa daga Turai da Amurka. Abin mamaki, a 2003 BAOBAB ta roƙi a dakatar da su, gama waɗansu na ɗauke da kurakurai, suna kuma iya tunzura jama'a su jefa Amina da masu kare ta cikin hatsari. Lauyoyinta, har da Hauwa Ibrahim, suka shiga littattafan Malikiyya da kansu. Suka kawo hujjar kwantaccen ciki, wanda malaman mazhabar suka yarda yana iya daɗewa shekaru, har a danganta jaririn ga tsohon miji. Suka kuma nuna tana da ikon janye ikirarinta.

Ran 25 ga Satumba 2003, alƙalai huɗu cikin biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina suka sallame ta, ta koma gida da 'yarta.